Daidaita Darasin Gwajin Kimiyya Ga Yara Masu Buƙata Ta Musamman

A makarantu da yawa, idan lokacin gwajin kimiyya ya yi, akan ce wa yaron da ke da lalura ya koma gefe ya zauna don kada ya ji ciwo. Niyyar mai kyau ce, amma yaron ne ke asara, domin gwaji shi ne ɓangaren darasin da ake koya da hannu, kunne da ido, ba da hadda ba. Yawancin waɗannan yara za su iya yin gwajin lafiya lau idan an ɗan sauya kayan aiki ko yadda ake bayani. A Najeriya, dokar hana nuna wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2019 ta ba su haƙƙin samun ilimi ba tare da an ware su ba.

Mene ne daidaita darasi?

Shi ne a bar manufar darasin yadda take, a sauya hanyar isa gare ta. Ku tambayi malamin: me ake so yaron ya gane? Idan amsar ita ce tsiro na buƙatar ruwa kafin ya fito, to babu bambanci ko yaron ya gani da ido, ya taɓa da yatsa, ko ya nuna hoto maimakon rubutu.

Yaro mai lalurar gani

A ba shi lokaci ya shafa kowane kaya kafin a fara, kuma a bar kayan a wuri ɗaya a kan faranti mai baki. Malami ya faɗi abin da ke faruwa dalla-dalla, kada ya ce "ku duba nan". A zaɓi gwajin da ake ji ko taɓawa. Misali, idan aka zuba ruwan lemun tsami a kan hodar soda ta yin burodi a cikin kwalba, aka sa balan-balan a bakinta, yaron zai ji ƙarar kumfa, kuma zai ji balan-balan ɗin na kumbura a hannunsa saboda iskar da ta fito. Haka nan tukunyar sanyi da malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000: tukunya ce a cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Yaro zai sa hannu ya ji sanyin da bushewar ruwa ke kawowa.

Zabiya da sauran masu raunin gani suna buƙatar manyan haruffa da zama kusa da teburin gwaji. Idan darasin a waje ne, a yi shi a inuwa, da hula mai faɗi da riga mai dogon hannu.

Yaro mai lalurar ji

Ba zai iya kallon bakin malami ko hannun mai fassara ba, sannan ya kalli gwajin a lokaci guda. Don haka a yi bayani tukuna, a dakata, sannan a nuna. Gwajin zoɓo ya dace da shi sosai: ruwan lemun tsami na sa shi ya yi ja mai haske, ruwan kanwa kuma ya mayar da shi duhu mai ratsin kore. Ko darasin sauti bai fi ƙarfinsa ba. A barbaɗa gero a kan ganga a buga kusa da shi, zai ga ƙwayoyin na tsalle, ya kuma ji girgizar a tafin hannunsa.

Yaro mai raunin gaɓoɓi

Wanda hannunsa ke rawa ko sandarewa, kamar mai lalurar shanyewar gaɓoɓi ta dalilin rauni a ƙwaƙwalwa, a ba shi kofin roba mai mariƙi biyu maimakon gilashi. A naɗa tsumma ko soso a jikin cokali don ya yi kauri a hannu. Sirinji babba marar allura ya fi sauƙi wajen auna ruwa. Tebur ya zama wanda keken guragu zai shiga ƙarƙashinsa.

Otizim, lalurar Down da wahalar natsuwa

A rarraba aikin zuwa gajerun matakai, kowane da hotonsa, umarni ɗaya a lokaci ɗaya. Shuka wake a jiƙaƙƙiyar auduga misali ne mai kyau, domin yakan tsiro cikin 'yan kwanaki kuma ana maimaita dubawa kullum. Yara masu otizim da yawa ba sa jure ƙara, wari ko taɓa abu mai yauƙi. A sanar da su kafin a yi ƙara, a ba su cokali ko safar hannu, kada a tilasta musu.

Abin da ya kamata malami ya sani game da lafiyar yaronku

- Farfaɗiya: a nisanta shi da wuta da ruwa mai zurfi. Hasken da ke walƙiya kan tayar da ciwon ga kaɗan daga cikin masu shi. Idan ya faɗi, a kwantar da shi a gefe, kada a sa komai a bakinsa.
- Sikila: sanyi da ƙishirwa na iya tayar da ciwo. Kada ya daɗe da hannu a ƙanƙara, kuma a bar masa ruwan sha kusa.
- Asma: a guji hayaƙi, ƙura da sinadarai masu ƙarfin wari. Maganin shaƙarsa ya kasance a jakarsa.
- Tsagewar ƙashin baya ta haihuwa: yawancin likitoci na ba da shawarar a guje wa balan-balan da safar hannu na roba ta latas, domin jikin waɗannan yara na yawan ƙin ta.
- Mai kai abu baki: a ɓoye ƙananan maganaɗisu, batirin agogo da ƙwayoyi.

Kada a taɓa haɗa ruwan bilic da wani sinadarin wanki ko abu mai tsami, domin yana fitar da iska mai guba.

Yaushe za a garzaya asibiti?

- Idan yaro ya haɗiye batirin agogo ko maganaɗisu, ko da babu alamar ciwo. Batirin na iya ƙona maƙoshi cikin awa 2. Kada a sa shi amai.
- Idan sinadari ya shiga ido. A fara wanke idon da ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15.
- Idan farfaɗiya ta wuce minti 5.
- Idan numfashi ya yi wuya, ko fuska da leɓe suka kumbura.

Matakin da za ku ɗauka

A farkon zango, ku roƙi likitan yaronku ya rubuta muku gajeriyar takarda mai nuna abin da yaron zai iya yi, abin da zai guje wa, da abin yi idan ciwo ya tashi. Ku kai wa malamin kimiyya da kanku, ku nemi jerin gwaje-gwajen zangon, sannan ku gwada masu sauƙin a gida tun kafin ranar. Idan akwai likitan gashin ƙashi ko mai koyar da amfani da hannu a asibitinku, zai taimaka wajen zaɓen kayan da suka dace. Idan kuma kun lura yaron na kasa bin darasin duk da wannan, a fara da gwada idonsa da kunnensa.