Littafin Jarura Da Wayar Bankak: Tarihin Lissafi A Wurin Hausawan Sudan

Duk wanda ya taɓa zama a Mayo, unguwar nan ta kudancin Hartum da aka raɗa wa sunan juyin mulkin Ja'afar Numairi na watan Mayun 1969, ya san littafin jarura. Littafin 'yan makaranta ne mai layi-layi, bangonsa ya sha mai da gumin hannu, yana kwance ƙarƙashin sikelin mai kanti. Jarura a bakin mutanen Sudan ita ce cin bashin kanti: a ɗauki sukari da ganyen shayi da man girki, a rubuta, a biya in wata ya mutu ko in aiki ya samu. Kowane gida da shafinsa. Daga baya waya ta zo ta kwanta kusa da littafin, yanzu kuma ana yi mana albishir da ƙirƙirarriyar basira da ƙwararrun masu ba da shawara, waɗanda za su sabunta lissafin 'yan kasuwa baki ɗaya. Muna maraba. Sai dai mu Hausawan Sudan ba yau aka fara sabunta mana lissafi ba, kuma abin da muka koya shi ne a fara tambayar wanda ke riƙe da littafin, da kuma sunan wa aka rubuta a ciki.

Kakanninmu da suka biyo hanyar Makka ta ƙasa ba jahilan lissafi ba ne. Sun fito daga kasuwannin da ake ƙirga wuri har zambar-zambar, ana ɗure dubu ashirin a keso guda. Sun san la'adar dillali, sun san ajiyar da baƙo ke bari a hannun maigida, kuma malamansu sun karantar da su ayar bashi ta Suratul Baƙara, wadda ta yi umarni a rubuta bashi a kafa shaidu. Amma mafi yawan lissafin nan a ka yake da bakin shaidu. Mai bin bashi da wanda ake bi sun san juna, sun san iyayen juna, kuma kunya ita ce ɗan sanda.

A Umdurman ne ƙasar nan ta ga wani irin lissafi na daban a hannun 'ya'yanta. Bayan faɗuwar Hartum a Janairun 1885 da rasuwar Mahadi a watan Yunin wannan shekara, Halifa Abdullahi ya gāji daula mai buƙatar ciyar da runduna. Ya danƙa Baitulmali a hannun Ibrahim Adlan, ɗan kasuwa, shi kuma bai ji kunyar riƙe akawunan tsohuwar gwamnatin Turkawa da Misirawa ba, har da Kibɗawa, domin su suka san tsarin kundi da rasiɗi. Aka rubuta zakka da ganima da ushira, aka buga riyal. Ƙarshen Adlan bai yi kyau ba: ya saɓa da manyan fada, aka kashe shi a 1890. Daular kanta ta faɗi a Karari ranar 2 ga Satumba 1898, amma takardunta sun tsira, masana tarihi suka yi ta aiki da su, kuma har yau akwai unguwa a Umdurman da ake kira Baitulmali.

Namu rabon da babban littafi ya zo ne a Jazira. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Ba a daɗe ba Turawan Ingila suka gina madatsar ruwa a Sinnar ɗin, aka kammala ta a 1925, ruwa ya kwarara cikin filin da ke tsakanin kogunan biyu, aka shuka audugar da masaƙun Ingila ke jira. Auduga kuwa sai da hannu ake cirarta. Alhazan hanya, masu neman guzurin ƙarasawa Makka, su suka zama hannun.

A nan ya kamata mu dakata, don tsarin lissafin Jazira abin kallo ne. Abokan tarayya uku ne: gwamnati mai ruwa da ƙasa, kamfanin Sudan Plantations Syndicate mai gudanarwa, sai manomi mai riƙe da gonar da ake kira hawasha. Da tafiya ta daidaita, rabon ya tsaya a kashi 40 na gwamnati, 40 na manoma, 20 na kamfani. Sunan tsarin lissafin tarayya. Ana sayar da audugar kowa a dunƙule, a cire kuɗin gurza da sufuri da sauran ɗawainiya daga tukunya ɗaya, sannan a raba saura. A hedikwatar Barakat, kusa da Wad Madani, akawuna na rubuta kowace hawasha da lambarta, da bashin da aka ba mai ita na shuka da na noma da na cira. 

To amma manomi ba ya ganin littafin. Abin da sufeto ya ce masa shi ne nasa. A 1946 manoman suka gane cewa akwai wani asusun ajiya da aka daɗe ana tarawa daga kasonsu, wanda ya kai fam miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Suka rantse ba za su yi shuka ba sai an raba musu. Aka yi ta ja-in-ja har aka fitar da fam dubu ɗari huɗu. Babu wanda ya saci kuɗin. A rubuce suke, sili-sili, kuma hujjar ajiye su don shekarar fari ko faɗuwar farashi ba hujjar banza ba ce. Laifin shi ne masu kuɗin ba su san da su ba. Daga wannan yajin ne tafiyar ƙungiyar manoman Jazira ta samo asali.

Wannan duk labarin mai hawasha ne, wanda ko banza yana da shafi. Mafi yawanmu ba mu da shi. A shekarun 1930, da kasuwar auduga ta faɗi a duniya 'yan ƙasa suka yi ta yar da gonaki, an ba wasu daga cikin mutanenmu hawasha. Sai dokar 1948 ta fassara wane ne Basudane: wanda shi ko kakanninsa suka zauna a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta riƙe wannan rana. A duba fa: mutanen Mai Wurno sun taso ne bayan 1903. Da alƙalami ɗaya aka fitar da su daga rukunin masu haƙƙin gona, suka koma 'yan ƙwadago da masu noman raba-daidai, mazauna bukkokin gefen magudanar ruwa da ake kira kambo. A littafin Barakat, leburan kambo adadi ne kawai a ƙarƙashin kuɗin cira. Lissafinsa na gaskiya yana hannun mai hawasha da ɗan kasuwar ƙauye, ta hanyar shel: ka karɓi kuɗi ko dawa da damina, ka biya da amfanin gona a farashin da mai ba da bashi ya yanka tun kafin a shuka. C. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995 kan alhazan Yammacin Afirka a Sudan, ya nuna yadda jikoki da tattaɓa-kunne ke kiran kansu matafiya alhali a nan aka haife su, da yadda bashi ke cikin abubuwan da suka ɗaure ƙafar tafiyar.

Gwamnati ta karɓi aikin daga kamfani a 1950, aka faɗaɗa shi zuwa Manaƙil har ya kai wajen faddan miliyan biyu. Sannan masu ba da shawara suka iso. Ƙwararrun Bankin Duniya sun duba lissafin tarayya suka ce yana kashe zuciyar mai himma, tunda ɗawainiyar rago da ta jarumi tukunya ɗaya suke shiga, ga biyan kuɗi yana jinkiri. Gaskiya suka faɗa. A farkon shekarun 1980 aka koma lissafin ɗaiɗaiku: kowane manomi ya biya kuɗin ruwa da ƙasa, ya ci ribarsa, ya ɗauki asararsa. An gyara littafi ƙwarai, amma ba wanda ya tambayi ina shafin mai cirar audugar yake, domin aikin da aka ba ƙwararrun bai haɗa da shi ba. Haka shawara take: iyakarta iyakar tambayar wanda ya biya kuɗinta.

Da noma ya daina riƙe mutane, birni ya ja su. Daga Ishash Fallata, da aka tashe ta a farkon shekarun 1990 aka mai da mutanenta Inƙaz, zuwa Mayo da gefen Umdurman, muka zama masu agashe, teloli, direbobi, masu shayi da ƙananan kantuna. Banki bai san mu ba, mu ma ba mu neme shi ba. Mata suka riƙe adashi, wanda maƙwabtanmu ke kira sanduƙ, maza suka riƙe jarura. Kuɗin ƙasar kuwa bai zauna wuri ɗaya ba. A 1992 dinari ya maye gurbin fam, dinari ɗaya fam goma. A 2007 aka dawo da sabon fam, guda ɗaya daidai da dinari ɗari, wato tsohon fam dubu. Bakin mutane ya ƙi bin gwamnati: har yau a kasuwa in an ce miliyan, sau da yawa fam dubu ake nufi. Baƙo ya rikice, ɗan gari ko a jikinsa.

Bankak, manhajar Bankin Hartum, bankin da tushensa ke komawa 1913, ta samu shiga ne tun ƙarancin tsabar kuɗi na 2018, lokacin da mutum zai kwana a layi bai samu nasa ba. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, aka rufe rassan bankuna aka wawashe da dama, sai ta zama igiyar rai. Da ita ɗan da ke Jidda ke aiko wa uwarsa, da ita matasan ɗakunan agajin gaggawa ke karɓar gudummawar tukwanen abinci na unguwa da ake kira takaya. Ba za mu yi mata butulci ba. A karon farko talaka ya riƙe shafinsa a tafin hannunsa, yana ganin shiga da fita ba tare da sufeto ba.

Amma tsohuwar tambayar ta biyo mu. Buɗe asusu sai da lambar ɗan ƙasa. Ko da yake dokar 1994 ta matso da ranar nan zuwa 1 ga Janairu 1956, da yawa cikinmu sun sha wahalar kawo shaidu kafin a yarda su 'yan ƙasa ne, wasu kuma ba su taɓa samun takardar ba. Wanda ba shi da lamba sai ya ari asusun mai kanti ko na maƙwabci, ya koma ajiya a hannun maigida kamar kakansa. Mai son tsabar kuɗi kuwa sai ya bar wa mai canji wani kaso, wanda yakan hau duk lokacin da aka shiga matsi, shel ke nan da sabuwar riga. 'Yan damfara suka koyi ƙirƙirar hoton shaidar biya na jabu. A Fabrairun 2024 layukan waya suka ɗauke, tukwanen takaya da dama suka mutu, mutane suka koma biyan kuɗin sa'a a wurin masu Starlink don kawai su ga abin da ke asusunsu. A Disambar 2024 aka fara canjin takardun fam 500 da 1000 a jihohin da ke hannun soja, da sharaɗin a zuba tsofaffin a asusun banki, alhali Mayo na ɗaya ɓangaren, inda aka hana karɓar sababbin. A duk tsawon wannan lokaci, littafin jarura ne bai taɓa neman caji ko layi ba.

Yanzu da soja suka dawo Hartum a Maris 2025 mutane na komowa, maganar na'ura mai basira ta taso: za ta karanta rasiɗai, ta gano shaidar biya ta jabu, ta auna wa ya cancanci rance. Na biyun muna buƙatarsa yau ɗin nan. Na ukun ne ke sa mu tuna Barakat. Na'ura tana koyo ne daga abin da aka rubuta, kuma matar da ta yi shekara ashirin tana zubin adashi ba ta taɓa saɓa rana ba, ba ta da ko layi ɗaya a kundin banki. Kuɗin da ɗanta ke aiko mata ma da sunan mai kanti suke shiga, don haka shi na'urar za ta gani a matsayin mai amana. Shaidar gaskiyarta tana cikin littafi mai bangon mai, da rubutun Larabci, rabi Hausa rabi Larabcin Sudan, a shafin da ba a sa sunanta na yanka ba, an dai rubuta gidan mai agashe, an sa miliyan biyu inda ake nufin dubu biyu, an ja layi a kai ranar da ta biya.