Dardumar da Ƙanƙara ta Ajiye Shekara Dubu Biyu

A shekarar 1949 masanin tarihi ɗan ƙasar Rasha, Sergei Rudenko, ya tona wani tsohon kabari a kwarin Pazyryk, cikin duwatsun Altai na Siberiya. A ciki ya tarar da darduma ta ulu mai ƙulli, daskare cikin ƙanƙara, faɗinta da tsawonta kusan mita 2. An saƙa ta wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, kuma ita ce mafi tsufa a irinta da aka samu kusan cikakkiya. Har yau jan rininta yana nan, da siffofin mahaya dawaki da barewa a gefunanta. Tana ajiye a gidan tarihi na Hermitage da ke birnin St. Petersburg.

Ruwa, babban abokin gabar ulu, shi ne ya tsare ta. Tun a zamanin da, ɓarayi suka fasa kabarin, ruwa ya kwarara ciki, sanyin ƙasar ya daskarar da shi ƙarƙashin tulin duwatsu. Fumfuna da asu ba su aiki a cikin ƙanƙara, saboda haka ruɓewa ta tsaya cik. Ashe laima mai ɗumi da ta daɗe ita ke kashe ulu. Wannan ne ya sa masu adana kayan tarihi a yau sukan daskarar da jiƙaƙƙen kaya idan ba su da halin busar da shi nan take.

Mu mazauna ƙasashen zafi ba mu da wannan gatan. Waɗanda suka ga ambaliyar Khartoum a 2020, ko ta Njamena a 2022, sun san yadda laka ke shiga har ƙuryar ɗaki. A irin zafinmu fumfuna kan kama cikin kwana 2 kacal. Dardumar da kaka ya zo da ita daga Makka, ko kilishin da aka gada, ba a sayen madadinsu a kasuwa.

Idan ruwa ya ci darduma, a ɗauraye lakar da ruwan sanyi mai tsabta. Ruwan zafi da cuɗa suna sa gashin ulu ya dunƙule har abada, sabulu mai kaifi kuma yana cinye shi. Kada a murɗe ta. A danna farin zane a kai ya tsotse ruwan, a lura ko rini na zuba. A shimfiɗa ta a inuwa bisa gado ko katako domin iska ta ratsa sama da ƙasa, a riƙa juyawa. Rataya ta da nauyin ruwa yana karkatar da saƙar, rana mai zafi kuma tana kashe launi. Kada a naɗe ta sai zaren cikinta ya bushe sarai, domin bisa kan bushe ciki yana jiƙe.