Haɗarin Beril na 1962 da Haƙƙin Lebura

A ranar 9 ga Afrilu 1898, Faransa ta kafa dokar da ta ɗora wa mai ba da aiki alhakin biyan diyya idan ma'aikaci ya jikkata ko ya mutu a bakin aiki, ko da ba a tabbatar da sakacin ubangidan ba. Dokar ta shafi masana'antu da ma'adinai da sufuri, har da jiragen ƙasa. Hujjarta ita ce, wanda ya mallaki kayan aiki yake cin ribarsu, shi ya kamata ya ɗauki nauyin ɓarnarsu. Layin dogon da Faransa ta yi burin shimfiɗawa ya ratsa Sahara bai taɓa isa Tamanrasset ba, amma a yankin ne wannan ƙa'ida ta gamu da jarrabawa mai tsanani.

Yarjejeniyar Ebiyan ta Maris 1962 ta bar wa Faransa wuraren gwajin makamanta a hamadar Aljeriya na tsawon shekara 5. A In Ekker, kimanin kilomita 150 arewa da Tamanrasset, an yi gwaje-gwajen nukiliya 13 a cikin dutsen Tawrirt Tan Afella tsakanin 1961 da 1966. An tsara ramin ne ta yadda ƙarfin fashewar zai rufta shi ya toshe kansa. A gwajin da aka sa wa suna Beril, ranar 1 ga Mayu 1962, ramin bai toshe ba. Narkakken dutse da ƙura mai guba suka yi ambaliya waje, iska ta kwashi gajimaren zuwa kan masu kallo, ciki har da ministoci biyu, Pierre Messmer da Gaston Palewski. Sojoji 9 da gubar ta fi shafa an kai su asibitin soja na Percy kusa da Faris.

Leburorin yankin, waɗanda Buzaye ke da yawa a cikinsu, su ne suka yi aikin ƙarfi a sansanin, amma ba su sami irin wannan kulawa ba. Sai a ranar 5 ga Janairu 2010 Faransa ta zartar da dokar Morin, wadda ta kafa kwamitin duba buƙatun diyya. Dokar ta shardanta wa mai nema ya nuna cewa yana wurin a lokacin da aka ƙayyade, kuma cutarsa tana cikin jerin cututtukan daji da aka amince da su.

Nan ne gizo ke saƙar. Soja yana da lamba da fayil. Leburan da aka ɗauka aikin yini sau da yawa ba shi da takardar shaidar aiki, balle rahoton likita, kuma da dama sun rasu kafin dokar ta zo. Shi ya sa 'yan Aljeriya ƙalilan ne ƙwarai suka karɓi diyya. Ubangidan da ya haƙa ramin shi ne ke riƙe da rajistar ma'aikata, shi ne kuma ke neman hujja daga hannun magadansu.