Kuɗin kasuwa: wa ke karɓa, ina suke zuwa?

1/ Ni ɗan Turba ne, ƙasar Isa. Na tashi ina ganin mai tikiti yana zagaya rumfuna ranar kasuwa, amma ban taɓa jin wani ya ce masa "ina kuɗin bara?" ba. Ku biyo ni mu ɗan leƙa tarihi.

2/ A da, kasuwar ƙasar Hausa ba kara zube take ba. Sarkin Kasuwa na raba rumfa da sasanta rigima, Sarkin Pawa na kula da mahauta, Sarkin Dillalai na tsaya wa ciniki, Korama na kan masu awon hatsi. Mai karɓa ɗan gari ne, in ya ci amana an san ƙofar gidansa.

3/ Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. Daga baya Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Sarauta ta sauya hannu, amma wannan tsari na kasuwa bai mutu ba.

4/ Zamanin Turawa kuɗin suka koma baitulmalin En'e. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, kuma tsarin mulkin 1999 ya damƙa musu kasuwanni da tashoshin mota. Daga nan tazara ta ƙaru tsakanin mai biya da mai kashe kuɗin.

5/ To ku ji wata dabara. A 1970, masu shaguna a unguwar Bloor West ta Toronto, Kanada, suka ga manyan kantuna na kwashe musu masu saye. Suna karo-karo, wasu na zillewa. Sai suka nemi doka: kowa ya biya, a kashe kuɗin a unguwar kaɗai, su da kansu su zaɓi aikin.

6/ Ingila ta yi tata dokar a 2003. Can sai 'yan kasuwa sun kaɗa ƙuri'a kafin a fara, wa'adin bai wuce shekara 5, in ba su ga aiki ba su ƙi sabuntawa. Kuɗin na shara ne, fitilu da masu gadi, ƙari kan abin da hukuma ke yi.

7/ Mu fa? An rufe iyaka a Agustan 2019, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. A Satumban 2021 aka hana cinikin dabbobi a kasuwannin Isa da Sabon Birni, aka datse layin waya. A Oktoba aka kai hari kasuwar Goronyo. Ga ƙauyukan da 'yan bindiga suka ɗora wa haraji.

8/ Kar mu yaudari kanmu, karo-karon 'yan tireda ba ya korar mai bindiga. Wannan aikin gwamnati ne. Amma rumfa, rijiya, makewayi da fitila mai sola ba su fi ƙarfinmu ba.

9/ Abin da zan so mu ɗauka uku ne: mai biya ya zaɓi shugabanni, a karanta lissafi a bainar jama'a, a sa wa'adi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

10/ A kasuwar garinku, wa ke karɓa, kuma an taɓa karanta muku lissafi? Ina jira. Allah Ya kawo mana zaman lafiya.