Daga kwanon Kujama zuwa rautar da ke ƙirga datarka

Wanda ya bar Sabon Tasha ya kama hanyar Kachia, idan ya wuce kwanar matatar mai zai isa Kujama, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Chikun. A can ne gwamnatin tarayya ta taɓa girke tashar sadarwa ta tauraron ɗan Adam, 'yar'uwar ta Lanlate da aka buɗe a 1971. Kiran ƙasashen waje ya riƙa bi ta wannan ƙaton kwano, alhali mafi yawan gidajen da ke maƙwabtaka da shi ba su taɓa mallakar layin tarho ba.

Haka zamanin NITEL yake. An kafa kamfanin a 1985, bayan haɗe sashen tarho na P&T da kamfanin NET mai kula da kiran waje, amma har ƙarnin ya ƙare layukan da ke aiki a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. Mai neman layi sai ya cika takarda, ya yi ta sintiri a ofis. Mutum ne ke haɗa shi, mutum ne ke yanke shi in kuɗi sun taru a kansa.

A Janairun 2001 Hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowanne, a Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki. Intanet dai ta daɗe tana zaune a shago. Ka biya kuɗin awa, yaron kafe ya miƙo maka 'yar takarda mai suna da lambar sirri, ka buga, agogo ya soma tafiya a gefen allo. Lokaci na cika ya rufe ka, ko da kana tsakiyar cika fom ɗin JAMB.

A ganina wannan 'yar takarda ta fi kowane littafi bayyana aikin da manyan rautocin kamfanoni ke yi yau. Idan mai shagon POS a Sabon Tasha ya kunna data, ko wata makaranta ta kunna akwatin intanet ɗinta, buƙatar kan bi turke ko waya har ta isa wata babbar na'ura, wato rauta, a cibiyar kamfani. Ita za ta fara tantance mai shigowa, ta binciko rajistarsa a rumbun bayanai, ta ga wane tsari ya saya. In ta gamsu sai ta buɗe masa zama, ta ara masa adireshi, ta ƙayyade saurinsa, ta soma ƙirga duk abin da ya shiga da wanda ya fita. Dubun dubatar mutane take yi wa haka a lokaci guda. Hanyar tantancewar da ake kira RADIUS ta samo asali ne a Amurka a farkon shekarun 1990, lokacin da ake shiga intanet ta layin tarho, kuma har yau ana amfani da ita. PPPoE, wanda ya kawo suna da lambar sirri cikin layukan gida masu sauri, an wallafa ƙa'idarsa a 1999. Adireshin ma ba ya wadatarwa: tsohon tsarin IPv4 bai wuce kimanin biliyan 4.3 ba, babban rumbunsa ya ƙare a Fabrairun 2011, shi ya sa kamfanoni ke cusa masu layi da yawa a bayan adireshi ɗaya.

Wayoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 sun fara aiki a Legas a 2010, data ta yi araha, wayar hannu ta kwashe kasuwar kafe. NITEL kuwa an sayar da kadarorinsa ga kamfanin NATCOM a 2015.

Sai dai na'urar da ke buɗe ƙofa ita ce kuma ke rufewa, kuma ba ta jin roƙo kamar yaron kafe. An fara rajistar layuka a 2011, a Disamban 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, daga baya aka toshe waɗanda ba su yi ba. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta sa aka katse sadarwa a wasu sassan Jihar Kaduna saboda 'yan bindiga, kamar yadda aka yi a Zamfara a farkon watan. Matsalar tsaron gaskiya ce, ba mai musu. Amma mai sayar da kati, da ɗalibi, da matar da ke jiran ɗanta ya turo kuɗin magani, su ma sun ɗanɗana kuɗarsu, wasu sai sun hau mota sun shigo gari kafin su ga sabis. Sai a ƙarshen Nuwamba aka maido da layukan, bayan kusan wata biyu.