Yadda ake manna haƙorin tangaran: abin da ya kamata a sani

Haƙorin tangaran hula ce da likita ke ɗorawa kan haƙorin da ya karye ko ya rube, wadda a asibiti ake kira "kuron". Ya bambanta da haƙorin Makka na zinariya ko azurfa, domin shi launin haƙori gare shi. Ana manna shi da wani siminti na rezin. Ga mutumin Fulatari da ke cikin gundumar Maine-Soroa, wanda ya yi tafiya zuwa Difa, Damagaram, Maiduguri ko Yamai mai nisan fiye da kilomita 1,300 daga Difa don a yi masa wannan aiki, faɗuwar hular asara ce ta kuɗin magani da ta kuɗin mota.

Dalilin gyara cikin hular

Tangaran yana da santsi, siminti ba ya kama shi haka nan. Mai faci yakan kankare tub kafin ya shafa sholisho; haka likita ma yake fara kaushe cikin hular, sannan ya shafa sinadarin da zai haɗa tangaran da rezin. Tun a 1955 Ba'amurke Michael Buonocore ya nuna cewa asid na sa rezin kama fuskar haƙori. A 1983 aka fara amfani da wannan dabara a kan tangaran kansa.

Tangaran mai gilashi

Wannan rukuni ya haɗa da tangaran na feldspat da na "disilicate de lithium", irin IPS e.max na kamfanin Ivoclar. Ana zuba masa asid fuloridirik mai ƙarfin kusan kashi 5 cikin 100. Na lithium daƙiƙa 20 ya ishe shi, na feldspat kuwa yakan ɗauki minti ɗaya ko fiye. Asid ɗin yana cin gilashin ya bar ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Bayan an wanke an busar, sai a shafa "silan" na minti ɗaya, wanda ɓangarensa ɗaya ke kama gilashi, ɗayan ya kama rezin. Wannan asid yana ƙona fata har ya kai ga ƙashi, shi ya sa ake aikin a waje da baki, da safar hannu.

Zirkon

Zirkon ya fi ƙarfi, amma babu gilashi a cikinsa, don haka asid fuloridirik ba ya cin sa. Ana fesa masa garin alumin mai girman mikron 50 da iska mai sauƙin ƙarfi, domin iska mai yawa na iya tsaga shi. Daga nan a shafa sinadari mai ɗauke da MDP, wanda kamfanin Kuraray na Japan ya ƙirƙiro a 1981. Akwai kuma hanyar fesa garin da aka lulluɓe da silika, kamar CoJet, sannan a bi da silan.

Abin da ke ɓata aikin

Babban abokin gaba shi ne yawu. Idan aka gwada hular a baki, dole a sake tsabtace ta kafin a manna. A kan zirkon ba a wankewa da asid fosforik, domin yana toshe wuraren da MDP zai kama. Yi wa zirkon gyaran tangaran mai gilashi, ko akasin haka, shi ma yana sa hula ta faɗi da wuri.

Shawara ga mai haƙorin

A tambayi likita irin tangaran da ya sa, a rubuta a takardar asibiti, domin duk wanda zai sake mannawa yana buƙatar sani. A guji fasa ƙashi ko ƙwallon dabino da shi. Idan hular ta faɗi, a wanke ta a adana, kada a manna ta da gam na kasuwa, a kai ta wurin likitan haƙori cikin ƴan kwanaki, kafin haƙoran da ke kusa su matso.