Ƙera bindiga daban, samun kayan gyaranta daban: darasi daga fistol ɗin 1911

Jama'a, tun da aka sa hannu a sabuwar dokar DICON a ƙarshen 2023 nake ganin ana murna cewa za mu riƙa ƙera makamanmu a gida. Ni ma ina son haka. Amma akwai tambayar da nake so mu riƙa yi: in wani ɗan ƙarfe ya karye a cikin bindigar da muka ƙera, wanda za a ɗauko daga sito zai shiga kuwa? Wannan tambaya ta wahalar da Faransa da Amurka shekaru aru-aru. Ku ɗan yi haƙuri da tsawon rubutun, bari in ba ku labarin.

A da, maƙeri ɗaya ne ke goge kowane ƙarfe da magagari har ya dace da ɗan'uwansa. Bindiga biyu daga maƙera ɗaya za ka gan su kamar tagwaye, amma kayan cikin wannan ba sa shiga waccan. In ta lalace a fagen fama, sai dai a ajiye ta har a samu maƙeri.

A 1785 wani maƙerin Faransa mai suna Honoré Blanc ya nuna wata sabuwar hanya. Ya wargaza injin kyasta wuta na bindiga 50, ya ware kayan iri-iri, ya ce a ɗauki kowanne a haɗa. Thomas Jefferson, wanda lokacin shi ne jakadan Amurka a Faransa, ya haɗa wasu da hannunsa, suka zauna daram, ya rubuta wa gwamnatinsa labari. A Faransa abin bai yi nisa ba. Amurkawa ne suka riƙe shi.

Su ma ba su same shi a sauƙaƙe ba. A 1798 Eli Whitney ya karɓi kwangilar bindiga 10,000, a 1801 ya je Washington ya nuna wa manya cewa kayansa na shiga juna, aka tafa masa. Bai gama kwangilar ba sai 1809, kuma da masana tarihi suka buɗe bindigoginsa daga baya, sai suka tarar kayan ba sa musanyuwa yadda ya nuna. Wanda ya yi aikin da gaske shi ne John Hall a maƙerar gwamnati ta Harpers Ferry. Ya tanadi ma'aunai fiye da 60, duk ƙarfen da bai dace da ma'auninsa ba a jefar. A 1826 masu bincike suka wargaza bindigoginsa 100, suka cuɗa kayan, suka sake haɗawa, duk suka zauna. Whitney ya yi suna, amma Hall ne ya yi awo.

To, mu zo kan fistol. Irin wadda ke ɗura kanta, duk jan kunama harsashi ɗaya take fitarwa. Ƙarfin harbin ne ke tura murfin sama baya, ya fizgo kwanson harsashin ya jefar, sifirin ya dawo da murfin, ya ɗauko sabon harsashi daga gidan harsashi ya cusa a bututu. Duk cikin ƙiftawar ido. Ƙarafa da yawa ne dole su yi aiki tare a lokaci ɗaya, in ɗaya ya yi kuskure kamar kaurin gashi, bindiga ta cije.

John Browning ne ya zana wadda sojan Amurka suka zaɓa a watan Maris 1911. A gwajin ƙarshe ta harba harsashi 6,000 ba ta cije ko sau ɗaya ba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, kamfanin Colt shi kaɗai bai iya biyan buƙata ba, sai aka raba aikin. Remington Rand mai yin tafireta ya ƙera mafi yawa. Union Switch and Signal mai yin alamomin titin jirgin ƙasa ya ƙera 55,000. Har Singer, eh, mai keken ɗinkin nan da telolinmu suka sani, ya ƙera 500. Jimilla kusan miliyan 1.9. Zane ɗaya suka bi, ma'auni ɗaya, kuma masu duba aiki na soja na gwada ko kayan wannan kamfani za su shiga na wancan. Bayan 1945 soja suka daina sayen sababbi da yawa, sai gyara da sauya kaya, amma bindigar ta ci gaba da aiki har 1985.

Abin mamaki, yau in mutum a Amurka ya sayi kayan gyara na 1911, sau da yawa ba sa shiga kai tsaye. Dalili kuwa, kamfanoni barkatai ne ke ƙera ta yanzu, kowa da ɗan bambancin awonsa, babu mai duba aiki guda a kansu. Shi ya sa wasu kayan ake sayar da su da ɗan ƙiba da gangan, don ƙwararren mai gyara ya daidaita su da bindigar da ke gabansa. Wato an koma zamanin magagari. Kuma ba abin wasa ba ne, domin in aka yi kuskure wajen ƙarafan da ke riƙe kunama da makullin kariya, bindiga na iya tashi ba a so ba. Wannan na cikin abin da ya sa Glock ta Ostiriya, wadda ta fito a 1982 da kayan da ba su kai 40 ba, ta samu karɓuwa wurin 'yan sanda a ƙasashe da dama: mai kula da makamai zai cire tsohon ƙarfe ya sa sabo, ba guga, ba sassaƙa.

Ga misali na ƙarshe kan gano matsala. Beretta M9 ce ta gaji 1911 a 1985. Da aka shiga Iraƙi a 2003, sojoji suka yi ta kukan tana cijewa, kowa na zagin bindigar. Da aka bincika, babban laifin na gidajen harsashi ne da aka saya dabam a kwangila. An yi musu wani shafe mai kaushi don kare tsatsa, kamar yadda takardar kwangilar gwamnati ta buƙata, sai rairayi mai laushi ya riƙa maƙalewa a ciki yana hana harsashi hawowa. Aka sauya shafen, kukan ya ragu. Ciwon a bindiga ya bayyana, amma tushensa na ofishin da aka rubuta kwangila.

Ba wai ina cewa kowa ya zama mai gyaran bindiga ba ne fa. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana ƙerawa ko gyarawa ba tare da izini ba, kuma hakan daidai ne. Maganata kan hukuma ce. DICON na nan a Kaduna tun 1964. In an kira 'yan jarida an nuna sabuwar bindiga tana ƙyalli, a tambaya: wa ke duba awon? Nawa aka wargaza aka cuɗa kayansu aka sake haɗawa? Wa ke kawo gidan harsashi da sifirin, kuma an gwada su a ƙurar hunturu da laka ta damina? Sojan da ke Sambisa da ɗan sandan da ke hanyar Birnin Gwari, ransu ne ya rataya a kan amsar.

Allah ya kare mana jami'anmu, ya ba mu zaman lafiya.